Tambaya da Amsa: Ruwa da Tsamin Ƙasa ga Mai Shuka Tumatir a Bokiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tumatir da barkono a bokitai a gida. Ina zuba musu takin zamani duk sati biyu, ruwan rijiya kuma kullum. Sai ga sabbin ganyen sama sun koma rawaya, jijiyoyin ganyen kawai suka rage kore. Na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata da takin tukuna. Abin da kika kwatanta alamar ƙarancin sinadarin ayan (wato ƙarfe) ce, kuma galibi ayan ɗin yana nan a cikin ƙasar, saiwa ce ta kasa ɗaukarsa.

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da haka tsami ne, sama da haka ɓangaren kanwa ne. Tumatir da barkono sun fi jin daɗi tsakanin 6.0 da 6.8. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ki, tazarar lamba ɗaya ninki goma ce. Idan ƙasa ta haura 7.5, ayan da manganis sukan ɗaure, shuka ta zauna da yunwa ga abinci a gabanta. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da bayikabonet, irin ruwan da ke barin farin ɓawo a gindin buta. Kowane ban ruwa yana ɗan tura ƙasar bokiti zuwa ɓangaren kanwa, kuma bokiti ba gona ba ne, ƙasarsa kaɗan ce, nan da nan take juyawa.

Ki fara da awo. Ki ɗebo ƙasa daga zurfin santimita 5 zuwa 10, ki haɗa kashi ɗaya da kashi biyu na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba. Ki dama, ki bar shi minti 30, sannan ki tsoma takardar gwaji ko na'urar awo. Ki auna ruwan rijiyar shi ma daban. In na'ura ce, a daidaita ta da ruwan gwaji na 4.0 da 7.0, kuma kada a bar bakinta ya bushe. Ƙananan na'urori masu tsinke biyu da ake cakawa a ƙasa ba ma ba da shawarar a dogara da su.

Idan awon ya nuna sama da 7, gyara mafi sauƙi shi ne ruwan sama, wanda pH ɗinsa ke kusan 5.6 kuma ba shi da bayikabonet. In babu, a ɗiga asid ɗin sitirik (sinadarin tsamin da ke cikin lemun tsami) kaɗan-kaɗan a ruwan rijiyar, ana juyawa ana aunawa, har ya sauko 6.0 zuwa 6.5. A fara narkar da taki kafin a auna, domin taki kansa yana sauya lambar. Garin farar wuta ma yana saukar da pH, sai dai ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke sarrafa shi, aikin makonni ne har watanni. Masu gaggawa sukan ƙara na biyu kafin na farko ya fara aiki, ƙasar ta zarce da tsami. A sabon toho za ki ga sauƙi. Ganyen da ya yi fari fat da wuya ya dawo.

Tambaya: Ni kuwa ƙasata 5.2 ta nuna, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke rawaya. In zuba toka?

Amsa: Malam, wannan ya yi kama da ƙarancin magniziyam, wanda ƙasa mai tsami ke jawowa, musamman in an daɗe ana zuba takin amoniyam salfet ko yuriya. Toka za ta ɗaga pH, amma da sauri, kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne. Garin dolomayit, wani irin dutse da ake niƙawa don rage tsamin ƙasa, ya fi, yana ba da kalsiyam da magniziyam tare. Ka fara da giram 1 zuwa 2 ga kowace litar ƙasa, ka cuɗa a saman, ka sake awo bayan sati uku. Kada ka yi amfani da farar ƙasar shafe bango, tana ƙona saiwa.

Tambaya: Sau nawa ake ban ruwa? Gindin 'ya'yan tumatirina yana baƙi.

Amsa: Ba a ƙirga kwana, yatsa ake sawa. Idan santimita 3 na sama sun bushe, a zuba ruwa a hankali har kusan kashi ɗaya cikin goma ya fita ta hujin ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. Saiwa tana numfashi. In ƙasa ta zauna jagab, sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai shuka ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa.

Baƙin gindin nan ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatir, kuma yawanci ban ruwan yau-akwai-gobe-babu ne sila, tunda a cikin ruwa kalsiyam ke tafiya. A cire waɗanda suka lalace, a daidaita ban ruwa. In kuma farin gishiri ya fito a saman ƙasa, a wanke ta da ruwa ninki biyu na girman bokitin, a bar ta ta tsane kafin a koma kan taki.