Amsa: Talaka zai iya ganin kasafin kuɗin komin ɗinsu?

Ɗan'uwa ka tambaya ko mutum irinmu, wanda ba kansila ba ne, zai iya sanin inda kuɗin komin (ƙaramar hukuma) ke tafiya. Eh zai iya wallahi. Dokar ƙananan hukumomin Kamaru ta Disamba 2019 ta ba duk mazaunin komin damar neman ganin bajet da rahoton zaman kansiloli, kuɗin fotokopi kawai zaka biya, kuma an yarda ka rubuta wa mer (shugaban komin) shawararka.

Sai dai kar ka tafi kai kaɗai da baki, ba zasu kula ka ba. Mu a unguwarmu nan Garwa famfon foraj (rijiyar burtsatse) ya lalace, mata na tafiya nesa da jarka, munyi ta korafi a majalisar shayi ba abin da ya canza, sai da muka rubuta takarda da Faransanci, jauro (mai unguwa) da liman da shugabar mata suka sa hannu, muka kai sakatariya aka buga mana hatimin karɓa a kofi ɗinmu. Wannan kofin ka riƙe shi da kyau. Kuma ku kai da wuri, kafin su zauna kan bajet a ƙarshen shekara, in ya wuce sai baɗi.