Fasfo ba laya ba ne: amsa ga ƙanena mai son zuwa Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce in turo maka takardar gayyata ka shigo da bizar ziyara, ka laɓe, in an kwana biyu ka samu takarda, daga nan sai hutu, wai ɗan ƙasa a Amurka ba mai taɓa shi. Har ka kafa mini hujja da mutanen Italiya, cewa da talaucinsu suka zo, ga jikokinsu yau gwamnoni da alƙalai. Tunda kai ka ambace su, sai ka ji ta inda suka biyo.

A watan Oktoba na 1890 aka harbe shugaban 'yan sandan birnin New Orleans da ke jihar Louisiana, David Hennessy. Zargi ya faɗa kan 'yan Sisili, tsibirin da ke kudancin Italiya, masu dako a tashar jiragen ruwa da masu sayar da kayan marmari, aka bi su ana kamewa. An tuhumi mutum 19, aka fara shari'ar 9. Ranar 13 ga Maris 1891 kotu ta wanke 6, ta kasa yanke hukunci a kan sauran 3, amma duk aka mayar da su kurkuku. Washegari da safe dubban mutane suka taru, wani lauya mai suna William Parkerson yana zuga su, suka fasa ƙofar gidan yarin suka kashe mutum 11. Yawancinsu harbe su aka yi a ciki, biyu kuma aka jawo su waje aka rataye, ɗaya a jikin turken fitilar titi, ɗaya a bishiya. Cikin mamatan har da waɗanda ko gaban alƙali ba a kai su ba. Ba a hukunta kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Italiya ta janye jakadanta daga Washington. Sakataren harkokin wajen Amurka James Blaine ya amsa cewa shari'ar kisan kai hurumin jiha ne, gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki. Daga nan sai magana ta koma kan tambaya ɗaya: cikin gawarwakin nan, su waye na Italiya? Aka shiga tonon takardun matattu. Uku dai babu gardama talakawan sarkin Italiya ne. Wasu sun riga sun zama 'yan Amurka. Wasu kuma a tsakiya suke, sun cike takardar nuna niyyar zama ɗan ƙasa amma ba su kammala ba, kuma dokar Louisiana ta wancan lokaci ta yarje wa irinsu su jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe an ƙidaya su a 'yan gari, ranar da aka zo kashe su baƙi ne, da aka zo zancen diyya kuma aka ce ai sun bar Italiya. Ɗaya daga cikin mamatan, Joseph Macheca, a Louisiana aka haife shi, attajiri ne mai shigo da kayan marmari ta jirgin ruwa, kuma yana cikin waɗanda kotu ta wanke. Haihuwar, dukiyar da hukuncin kotun, babu wanda ya tsare masa rai. A 1892 gwamnatin shugaban Amurka Benjamin Harrison ta ba Italiya dala 25,000, aka rufe maganar.

Kuma bai tsaya nan ba. A garin Hahnville na Louisiana an kashe 'yan asalin Italiya 3 a 1896, a Tallulah, shi ma a jihar, an kashe 5 a 1899 bayan rigima a kan akuya, kuma kowane karo sai an koma binciken wa ya canja ƙasa, wa bai canja ba. A Tampa ta jihar Florida a 1910 an rataye mutum biyu tare, aka biya diyyar guda kawai, wanda yake ɗan Italiya har ranar mutuwarsa.

Kada ka manta da launin fatarka, don kai ba a layin 'yan Italiya za a sa ka ba. Baƙaƙen fatar Amurka 'yan ƙasa ne a tsarin mulki tun 1868, an kashe dubbansu ta wannan hanya, kuma ba su da jakadan da zai yi fushi dominsu. Birnin New Orleans bai nemi gafarar 'yan Italiya ba sai 2019. Dokar tarayya da ta haramta irin wannan kisan gilla kuwa sai 2022 aka sa mata hannu.

Ni ina da fasfon nan, alhamdu lillahi, kuma da gumina na same shi: karatu da rana, wankin kwanuka da dare, har na kai ga tirelar kaina. Amma yana aljihuna wani mai gida ya ce mini a waya ɗaki na nan, da na je ya ga fuskata ya ji sunana sai ya ce yanzun nan aka kama. Takarda tana ba ka bakin kai ƙara, ba ta canja idon da ake kallonka da shi.

To in mai takarda haka, ina ga wanda ya laɓe? Akwai wani bawan Allah a masallacinmu da ya rasu a wurin aiki. Da takardun wani yake aiki, sunan da ke rajistar kamfani daban, na fasfonsa da ya ƙare daban. Mu muka yi ta zirga-zirga kafin a ba mu gawarsa, muka yi karo-karo bayan sallar Juma'a muka sayi kabari. Ni na kira mahaifiyarsa. Ta tambaye ni ko akwai wani haƙƙi da za a biya 'ya'yansa, na rasa abin da zan ce mata.

Saboda haka takardar gayyata don ka zo ka ɓuya, ba zan rubuta ba, ko Inna ce ta sa baki. In karatu kake so da gaske, turo mini sakamakon jarrabawarka da takardar digirinka, mu nemi makarantar da ke ba da tallafi, kuɗin cike fom da na biza ni zan biya. In ka iso, ka yi rajista a ofishin jakadancinmu, kada ka bar fasfonka na gida ya mutu, kada kuma ka taɓa aiki da sunan da ba naka ba. Ka gaishe da Inna, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi in Allah ya yarda.