Daga Ina Kalmar "Zindiƙi" Ta Samo Asali?

TAMBAYA: Malam, na sha ganin matasa suna jifan duk wanda ya ce bai yarda da samuwar Allah ba da kalmar "zindiƙi". Shin Larabci ce, kuma ma'anarta ke nan tun asali? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Malama, ta hanyar Larabci kalmar ta shigo Hausa, amma asalinta Farisanci ne. A zamanin daular Sasaniyawa ta ƙasar Farisa, Majusawa suna da littafinsu mai suna Abesta, da sharhinsa da ake kira Zand, kuma masanin tarihi Mas'udi ya bayyana cewa wanda ya bar nassi ya rungumi tawili shi ake dangantawa da Zand ɗin. Waɗanda sunan ya fi kamawa su ne mabiyan Mani, mutumin da ya koyar da cewa haske da duhu asali biyu ne masu gaba da juna tun fil azal. Tun a ƙarni na 3 na Miladiyya babban limamin Majusawa, Kartir, ya sa aka sassaƙa a dutse cewa ya murƙushe "zandik" tare da Yahudawa da Kiristoci. Ke nan mutanen farko da aka laƙaba wa sunan suna da addininsu da ibadarsu, ba masu musun samuwar Ubangiji ba ne.

A zamanin Abbasiyawa ne ma'anar ta faɗaɗa. Halifa Mahdi, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, ya naɗa jami'i na musamman domin farautar zindiƙai, kuma a wannan guguwa aka yi wa makahon mawaƙin nan na Basra, Basshar ɗan Burdu, bulala har ya rasu, ko da yake baitocin zambon da ya yi wa manyan fada suna cikin abin da ya jawo masa. Abin da ke damuna ke nan idan na ji yaro yana furta kalmar cikin wasa, domin tuhuma ce da aka zubar da jini a kanta, wani lokaci ma don biyan buƙatar siyasa.

Mu kuwa daga littattafan fiƙihun Malikiyya muka gaje ta. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa zindiƙi a wurin malamai shi ne mai ɓoye kafirci yana bayyana Musulunci. Wanda ya fito fili ya musanta samuwar Allah, sunan da Larabawan yau suke kiransa da shi shi ne mulhidi.