Tambaya da Amsa: Shigifar Kaka Tana Cinyewa Daga Gindi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji tsohuwar shigifa ta tubali a wani ƙauye kusa da Madarunfa. Bara muka yi mata yaɓen siminti, bana ya ɓamɓare, gindin bango ya zaizaye, rufi kuma yana yoyo. A rushe ta, ko tana gyaruwa? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka rushe, simintin nan ne ya cuce ku. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti kuwa kulle ta yake yi a ciki, ƙasar ta ruɓe a bayansa, sai ya saki ya faɗo falle-falle.

Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. Tsohon garin Maraɗi ma a fadamar Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hau tudu.

A fara da ƙwanƙwashe simintin duka. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana uku ko huɗu ana yayyafa ruwa har ta ruɓa. Ɗanyar kwaɓa tsagewa take yi, nan masu gaggawa ke faɗuwa. A jiƙa wurin da ya zaizaye, a cike shi kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya sha iska kafin na gaba. Sannan a yi dakali kewaye da gindin, mai gangara waje.

Rufi kuma, a duba indararo tukuna. Sau da yawa toshewa ya yi, ko ya yi gajarta yana zuba a jikin bango. Azarar giginya ba ta cika jin gara ba, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa. Ba ta son tazarar da ta wuce mita biyu, shi ya sa magina na dā ke ɗaura baka, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufi, a ɗaki mai faɗi. Kada a yi ta lafta ƙasa bisa tsohuwa, nauyi ke karya azara. A kankare a sake.

Yaɓen ƙarshe na makuba ne, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Aikin duka na rani ne, a gama kafin ruwan farko.