Sandar Giyar Corvette C6 a Jikin C5

Ka tambaye ni ko sandar giyar da mai motar nan ya kawo, wadda aka ciro daga Corvette C6, za ta zauna a C5 ɗinsa, samfurin da ya gabaci C6, tunda ka ji an ce giyabos ɗinsu ba iri ɗaya ba ne. Za ta zauna, ɗana. Amma ina so ka san dalili, don gobe wata motar za a kawo maka.

C5 mai giyar hannu, wato daga 1997 zuwa 2004, da giyabos T56 mai giya shida ta fito. C6 ma da shi ta fara a 2005, sai a 2008 aka koma TR-6060. To, a motocin nan biyu giyabos a baya yake, manne da aksul. Sandar giya kuwa tana zaune ne a kan bututun ƙarfen da ya haɗa inji da giyabos, wanda furofela ke juyawa a cikinsa, sai wani dogon rodi ya ɗauki motsin hannunka ya kai baya. Sandar ba ta taɓa giyabos ɗin ba ko kaɗan. Muddin mazauninta da bakin rodin sun yi daidai, canjin da aka yi wa haƙora da sinkoro, zoben da ke daidaita gudu kafin giya ta shiga, a can ciki bai shafe ta ba.

Yanzu ɗauki Camaro ta 1993 zuwa 2002. T56 ne a cikinta, suna ɗaya da na C5, amma a bayan inji yake, kuma a kan wutsiyarsa ake ɗaure sandar kai tsaye da kusoshi huɗu. Ko kwana ka yi kana juya ta ba za ta hau Corvette ba. Shi ya sa ba na son ka riƙa tsayawa a sunan giyabos. Ka leƙa inda sandar ke zama, ka ga da me take tura giyar.

Abin da zai ba ka ɗan aiki shi ne kan sandar, wato inda hannu ke kamawa. Na C5 murɗa shi ake yi a kan zare, a buga masa wani ɗan ƙarfe ya kulle shi, kuma fitar da ƙarfen nan na cin rai, ka bi shi a hankali. Na C6 sukuru ne ke riƙe shi. Ka ce wa mai mota ya kawo kan na C6 tare da rigar fatar da ke rufe gindin sandar, in ba haka ba aiki zai tsaya.

Wajen ɗaurawa, ka sa giya a firi, ka sassauta kusar da ta matse rodi, ka tura ɗan fil ɗin saiti ya kulle sandar a tsakiya, sannan ka ɗaure. Ka tuna ka zare fil ɗin. In ka tsallake saitin nan, wasu giyoyin za su riƙa shiga da ƙyar, mai mota ya dawo yana zagin kuloci. Ka duba robobin mazaunin ma, in sun mutu sabuwar sanda ba za ta hana rawa ba.

In kuma ya ce ribas na ƙin shiga, ko mota na tsallake shi daga giya ɗaya zuwa huɗu in yana tafiya a hankali, kada ka taɓa sandar. Solenoyid biyu ne, 'yan na'urori masu aiki da lantarki a jikin giyabos, ke wannan aikin, can za ka kai mitarka ta gwajin wuta.