Wai Sai da Hanya Ake Samun Irin Samaru?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne shugaban wata ƙungiyar manoman masara a yankin Kujama. Wani mutum ya zo mana da katin shaida a wuya, wai daga jami'a yake. Ya ce talaka ba ya samun irin shuka na Samaru sai da hanya, mu tara kuɗi ya kawo mana buhu-buhu. Har mun fara karo-karo, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku dakatar da karo-karon nan tukuna.

Kun san aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya: ita ta fitar da masarar SAMMAZ, waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT. Kusa da ita akwai NAERLS, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manomi, ga kuma NAPRI a Shika domin masu kiwo. Da kuɗin gwamnati ake tafiyar da su, wato da dukiyarku.

Maganar "sai da hanya" kuwa ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, kuma ita ce jarin 'yan damfara. Mutanenmu sun ɗauka ƙofar jami'a ta masu takardu ce kawai, manomi ya ga mai gadi a bakin get sai ya juya. Daga nan sai wani ya rataya kati, ya sayi masarar ci a kasuwa, ya barbaɗa mata jan rini don ta yi kama da wadda aka yi wa magani, ya ɗinke buhu, ya ce daga Samaru take. Ba za ku gane ba sai ta tsiro gefe-gefe, wata doguwa wata gajera, lokacin taki ya riga ya shiga ƙasa, damina ta yi nisa. Wa za ku kama? Wayarsa a kashe.

Mai bincike yana samar da iri na asali ne ɗan kaɗan, a ninka shi, sannan kamfanonin iri masu rajista su yawaita shi, hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta tantance. Shi ya sa irin gaskiya ke zuwa da tambari mai sunan nau'in, lambar rukuni da ranar gwaji. Buhun da ba shi da wannan, ko farfesa ne ya ɗauko shi a kansa, kada ku saya.

Mu ma malaman jami'a da namu laifin: bincike ya ƙare a kan kantar ofis yana shan ƙura, wasiƙar manomi ta yi wata tana yawo daga tebur zuwa tebur. Don haka kada ku tsaya ga wasiƙa. Ku wakilta mutum biyu su hau mota a tashar Kawo da ke Kaduna su je Zariya, su nemi sashen iri na cibiyar, su faɗi yanayin ƙasarku da ko ƙuduji na damunku, su karɓi rasit a kan duk abin da suka biya. Shi kuma mai katin, ku ce ya raka su ofishinsa.