Wai Wa Ke Taya Bairos Aiki a Cikin Jikinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina karanta bayoloji, an ce mana bairos ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halitta, to ni abin da ya ɗaure min kai shi ne wa ke yi mata aikin a ciki? Malaminmu ya ambaci wasu furotin masu kama RNA amma ya wuce da sauri. Kuma in dai namu ne ke taimaka mata, me zai hana a yi maganin da zai toshe su kowa ya huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, ai tambayarki ta biyun nan ita ce wadda masu bincike kansu suke ta fama da ita.

Ki fara da wannan. RNA saƙo ne da ake kwafowa daga DNA a kai shi wurin ribozom, wato injin haɗa furotin na cikin ƙwayar halitta, a karanta a haɗa furotin, amma fa saƙon baya yawo shi kaɗai, tun daga fitowarsa akwai furotin da ke manne da shi, wani ya gyara shi, wani ya raka shi, wani ya kare shi, wani kuma ya farfasa shi in aikinsa ya ƙare. A jikin ɗan Adam an lissafa irin su fiye da 1,500. Ita kuwa bairos kayanta kaɗan ne, ta shan inna gaba ɗaya haruffan RNA ɗinta wajen 7,500 ne, ta korona da ake ganin ƙatuwa ce wajen 30,000, to ina za ta samu ma'aikata? Sai dai namu.

Ta shan inna ɗin nan ita ta fi ba ni mamaki wallahi. Saƙonninmu suna da wata 'yar hula a kansu, da ita ake gane su a fara karantawa, ita ba ta da hular, sai ta naɗe wani sashe na RNA ɗinta ya zama masauki da ake kira IRES, an gano shi a 1988, furotin ɗinmu irin su PCBP2 da PTB su zo su zauna a kai su taimaka ribozom ya sauka. Bai ishe ta ba, sai ta saki almakashinta mai suna 2A ya yanke eIF4G, wanda saƙonni masu hula ba sa karantuwa sai da shi cikakke, ita kuma guntun da ya rage ya ishe ta. Kin ga cikin 'yan awanni ƙwayar halittar ta daina aikin kanta ta koma buga na baƙuwa.

Amma kar ki ɗauka duk maciya amana ne. Cikinsu akwai masu gadi. RIG-I, wanda masu bincike a Japan suka bayyana aikinsa a 2004, yana jin RNA mai baƙuwar siffa sai ya ta da ƙararrawa a fitar da intaferon, furotin da ke faɗakar da ƙwayoyin halitta su yaƙi bairos. ZAP kuma shi wurin da harafin G ke biye da C a jikin RNA yake nema, ya kama ya sa a lalata RNA ɗin, shi ya sa bairos ɗin ƙanjamau ke da ƙarancin wannan jerin. Ga APOBEC3G da ke shiga cikin sabuwar bairos ɗin ƙanjamau ya jagula mata haruffa, ita kuma ta tanadi furotin ɗinta Vif dan kawai ya sa a halaka shi.

To ga inda maganar magani ke rikicewa. Ɗauki G3BP1, in ƙwayar halitta ta shiga matsi shi ke tattara RNA ya dunƙule su wuri guda a tsayar da aiki, abin da ke takura bairos da yawa, ta shan inna yanke shi take yi, ta korona ta sa furotin ɗinta N ya riƙe shi, amma ta chikungunya fa buƙatarsa take yi, in babu shi da ɗan'uwansa G3BP2 kwafin kanta ma gagararta yake. Furotin ɗaya, nan maƙiyi can mataimaki, in kika toshe shi wa kika taimaka? Sannan PTB da PCBP2 ba dan bairos aka yi su ba, kullum suna kan aikin RNA ɗinmu, ki taɓa su da ƙarfi lafiyayyun ƙwayoyi su sha wuya.

Duk da haka ni ina ganin hanyar ba ta banza ba ce, dan bairos tana saurin canza furotin ɗinta ta kuɓuce wa magani, namu kuwa ba ta da ikon canza su. Akwai ma maganin ƙanjamau, maraviroc, da aka amince da shi a 2007, wanda furotin ɗinmu CCR5 yake toshewa, duk da dai shi ƙofar shiga ce ba mai kama RNA ba. Abin da ake nema a nan shi ne daidai wurin da hannun bairos ke riƙe furotin ɗin, a zame hannun a bar shi da aikinsa.